Buhun kwana ko ƙaramin tanti: yadda na tantance wanda zan ɗauka zuwa farauta

Maharbin da zai yi sammako ya dawo gida kafin magariba ba ruwansa da wannan magana. Wanda zai kwana biyu ko uku a dawa, kayansa duka a gadon bayansa, ba babur ba jaki, shi ne dole ya tsaya ya zaɓi abin da zai kwana a ciki. Iyayenmu da buzu ko tabarma da bargo suke fita, su hura wuta su kwanta a gefenta, har yau kuma akwai masu yin haka. Sai dai yanzu kayan kwanan daji na ƙasashen waje suna shigowa cikin dilar gwanjo, wasu kuma suna yin odarsu ta intanet, kuma iri biyu aka fi gani a hannun mutane.

Na farko shi ne buhun kwana. Doguwar jaka ce ta yadi mai hana ruwa shiga, tsawonta kamar mita 2 da ɗan wani abu, faɗinta wajen santimita 80 a kafaɗa. Mutum yana zura kansa ciki tare da bargonsa ko jakar barcinsa, wato bargon da aka ɗinke kamar jaka, ya ja zif ko igiya a wajen fuska. Wasu suna da ragar sauro a fuskar, wasu har da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai ɗaga yadin daga kan hanci. Na biyu shi ne ƙaramin tanti na mutum ɗaya, mai shimfiɗa kamar santimita 210 a tsawo da 90 a faɗi, tsayinsa wajen mita 1, daidai yadda za ka zauna a ciki amma ba za ka miƙe ba.

Da sikeli na fara, domin duk mai tallar buhun kwana da nauyi yake fara yi maka magana. Buhun yakan kama daga rabin kilo zuwa kusan kilo 1. Tanti mai kyau na mutum ɗaya, da sandunansa da turakunsa, kilo ɗaya da rabi ne zuwa 2. Masu araha da sandunan faiba sukan kai 3. Idan aka tsaya a nan buhu ya ci. Amma buhu shi kaɗai ba makwanci ba ne. Ba ya rufe jakar kayanka, ba ya rufe bindiga, ba ya ba ka inuwa da rana. Sai ka haɗa masa da tamfol mara nauyi mai mita 2 a 3, da igiya mita 10 zuwa 15, da turaku shida. Da na ɗora waɗannan a kan sikeli tare da buhun, tazarar da ke tsakaninsa da tanti ba ta wuce kilo guda ba. Kilo guda kuwa lita ɗaya ce ta ruwa. A hunturu, inda lita 3 za ta kai ka yini, wannan ba wani abu ba ne. A watan Afrilu da mutum ke shan lita 5 bai ƙoshi ba, lita ɗaya abar lissafi ce, sai dai kamar yadda za a gani, a lokacin ne kuma buhun ba ya kwantuwa.

Abu na biyu shi ne duba lafiyar kayan kafin a biya kuɗi, musamman na gwanjo. Yawancin yadin tanti da na buhu an shafe cikinsa da wani siririn danƙo mai tare ruwa. Zafi da laima suna ruɓar da wannan danƙon ko da ba a taɓa amfani da kayan ba, balle wanda ya daɗe a ɗaure cikin dila. Alamunsa uku ne. Ka shinshina: idan yana warin tsami kamar amai, ya mutu. Ka goga yatsa a cikin yadin: idan yana mannewa ko yana sakin farin gari, ya mutu. Sannan ka bi ɗinkin, ka duba siririyar ledar da aka manna a kansa daga ciki. Idan tana ɗagowa tana ɓarewa, ta nan ruwa zai fara shiga. Ledar ɗinki tana gyaruwa da gam, ruɓaɓɓen danƙo kuwa ba shi da magani mai ɗorewa, ko kyauta aka ba ka kada ka dogara da shi a damina. A jikin sababbi za ka ga an rubuta lamba da milimita, wato ƙarfin matsin ruwan da yadin ke iya tarewa. Rufin sama kada ya gaza 1,500, ni na fi son 3,000 saboda irin ruwan da ke sauka a watan Agusta. Ƙasan kuwa 5,000 ya fi, domin gwiwa da gwiwar hannu suna matse ruwa ya ratso yadi.

Wannan matsin shi na gwada a tsakar gida. Na jiƙa tsumma sharkaf na shimfiɗa a kan siminti, na ɗora ƙasan tantin a kai, na sa takardar jarida a ciki, na durƙusa a kanta da gwiwa ɗaya na minti guda. Idan jaridar ta yi tabon jiƙa, ƙasan yana yoyo. Haka na yi wa buhun. Rufin kuma sai an kafa shi, a sa yaro ya riƙa zuba ruwa da butar ban ruwa ta lambu daga sama na minti goma, kai kana ciki da tocila kana bin ɗinki da kusurwoyi da wajen zif. Zuba bokiti guda a tashi ɗaya ba ya nuna komai, ruwan wucewa kawai yake yi.

Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne kwana a ciki, a tsakar gida, a irin daren da za ka fita. A nan halin buhu yake fitowa. Jikin mutum yana fitar da ruwa da dare ta numfashi da gumi, fiye da cikin kofin shayi. A tanti mai rufi biyu, wato raga a ciki da yadin ruwa a waje, tururin yana ratsa ragar ya taru a jikin rufin waje ya gangara ƙasa, bai taɓa ka ba. A buhu babu inda zai je sai jikin yadin da ke manne da bargonka. Masu tsada ana yin su da yadi irin su Gore-Tex, wanda ke barin tururi ya fita ya hana ɗigon ruwa shiga, amma yana aiki ne idan waje ya fi ciki sanyi da bushewa sosai. An yi shi ne don duwatsun ƙasashen sanyi. A daren Yuli a Bauchi, iskar waje kanta cike take da laima, zafinta bai yi nisa da na jikinka ba, don haka babu abin da zai ja tururin waje. Za ka turaru kamar dambu a madambaci, ka farka a jiƙe alhali ko yayyafi ba a yi ba. Da zafi ya ishe ka za ka buɗe zif, da ka buɗe zif kuma sauro ya samu abin da yake nema, da ma abin da ya fi sauro.

A hunturu labarin daban ne. Daga Disamba zuwa Janairu iskar ta bushe ƙarau, dare kan sauka ƙasa da digiri 15, a wajajen Toro da Bogoro da Tafawa Balewa da ke gindin tsaunukan Jos ma ya fi haka sanyi. A irin wannan dare buhu yana aikinsa yadda aka tsara shi: yana tare iskar da ke ratsa bargo, yana ƙara ɗumi na 'yan digirori, tururi yana fita. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka cusa hanci da baki a ciki. Numfashi yana kawo laima mai yawa. Ka bar ƙofar fuska a buɗe gwargwadon tafin hannu, ka sa hular sanyi, ka naɗa rawani a wuya. Kuma ko buhu ko tanti, ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki fiye da iska. Siririyar katifar soso mai kaurin santimita 1 ta fi ƙarin bargo amfani. Katifar da ake hurawa da baki ba ta wannan dajin ba ce, tsidau ɗaya ya ishe ta.

Sai maganar masu jan ciki, wadda a ganina ita ce ke yanke hukunci a ƙasarmu, ba ruwan sama ba, ba nauyi ba. Waɗanda suka ƙirƙiro buhun kwana ruwa da ƙanƙara suke gudu. Mu kuwa muna kwana ne a ƙasar kububuwa. Kudancin Gombe, wajajen Kaltungo da Billiri da Balanga da Shongom, na cikin wuraren da aka fi samun saran wannan maciji a Najeriya, shi ya sa asibitin masu saran maciji yake Kaltungo, mutane na zuwa daga Bauchi da Taraba da Adamawa. Kububuwa ba ta da girma, sau da yawa ba ta wuce rabin mita ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, da dare take yawo, kuma ta fi fitowa a farkon damina da lokacin kaka. Dafinta yana hana jini daskarewa. Ga kasa, ga kunama a ƙarƙashin duwatsu da ɓawon itace, ga cinnaka, ga kwarkwasa da ke zuwa runduna guda a wurare masu damshi.

Tanti mai ɗinkakken ƙasa wanda gefensa ya ɗago santimita 10 zuwa 15, da raga da zif mai lafiya, ɗaki ne rufaffe. Akwai tazara tsakanin jikinka da bango. Takalminka da jakarka suna ciki tare da kai. Buhu ko da an rufe shi ruf, yadin yana kwance a jikinka ne. Abin da ya hau kansa ya hau kanka, idan ka juya cikin barci ka danne shi, siririn yadi ne kawai a tsakani. Ragar fuskar ma idan ba ta da abin ɗagawa takan kwanta a kumatu, sauro ya zauna a kai ya sha ta cikin hudar. Gyaran wannan mai sauƙi ne: a ɗinka ɗan madauki a tsakiyar ragar, a ja shi da zare zuwa igiyar tamfol ko reshe. Amma takalmi a waje zai kwana, don haka dole ka cusa shi a leda ka ɗaure bakinta, da safe kuma ka karkaɗe shi kafin ka zura ƙafa. Wanda ya tashi fitsari ko sallar asuba, tocila ce farko kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, ya haska kewaye da inda zai dafa hannu. Idan tsautsayi ya afka, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi abin hawa zuwa asibitin da ke da allurar dafin. Rashin ciwo a awannin farko ba alamar tsira ba ce a saran kububuwa.

Inda buhu ya yi wa tanti nisa shi ne saurin shimfiɗawa da ɓuya. Minti biyu ka warware shi, minti biyu ka naɗe. Yana shiga tsakanin duwatsu biyu ko ƙarƙashin sabara inda tanti ba zai zauna ba. Ga mai kwanton zabi ko fakara da ke son wayewar gari ta same shi kusa da inda suke sauka, wannan babban abu ne, domin naɗe tanti a cikin duhu yana cin minti goma sha, ga ƙarar yadi da ta sanduna da ke tafiya nesa a shirun asuba. Tanti kuma ana hango shi, balle irin masu launin ja da ruwan lemo da suka fi yawa a gwanjo. A halin da dazuzzuka ke ciki yanzu ba kowa kake so ya san inda ka kwana ba. Ka nemi mai launin ƙasa ko kore mai duhu. Duk da haka ɓuyan yana da nasa haɗarin: mutumin da ke kwance cikin buhu mai launin ƙasa, a cikin ciyawa, da duku-duku, wani maharbin zai iya ɗaukarsa dabba. Idan ku da yawa ne kowa ya san makwancin kowa tun kafin duhu. Kafin shiga dajin ma a gaida mai unguwa ko dagacin ƙauyen da ke kusa, a sanar da sarkin baka, a faɗi ranar fitowa. Ba sai an faɗa ba, gandun dajin Yankari da na Lame-Burra da na Sumu ba wuraren farauta ba ne, kuma bindiga ko ta toka ce tana buƙatar lasisi.

Wajen kafawa, ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. Da rani ƙasa takan yi tauri, inda marmara take kuwa siraran turakun alminiyom da ke zuwa da tanti lanƙwashewa suke yi a bugu na biyu. Na ajiye su na sayi ƙusoshi masu inci shida guda takwas. Wanda ke son abin da ya fi haka ya sa mai walda ya yanka masa rodi mai milimita 8, tsawon santimita 20, ya lanƙwasa kan. Ana kafa turke a karkace, kansa yana kallon nesa da tantin, ba a tsaye cak ba. A kan fa, irin shimfiɗaɗɗun duwatsun wajajen Dass, turke ba ya shiga sam. A nan sai tantin da sandunansa ke gicciye yana tsayuwa da kansa, a ɗaura igiyoyinsa a jikin manyan duwatsu. Tantin da sai an ja shi da turaku yake miƙewa ba shi da amfani a can. Sandunan faiba idan suka karye tsagewa suke yi su yaga yadi, na alminiyom lanƙwasa suke yi, ana iya ɗaure su da ƙusa da igiyar roba a lallaɓa.

Kafin a shimfiɗa komai sai an share wurin da reshe, ba da hannu ba, faɗin da ya zarce makwancin da taku biyu ta kowane gefe, har ƙasa ta fito fili. Wannan yana kawar da ƙarangiya da tsidau da ƙayar farar ƙaya da ke huda ƙasan tanti, yana kuma sa ka ga abin da ya tunkaro. A nisanci suri da ramuka da ruɓaɓɓen kututture. Gara tana cin ƙasan tanti da gindin jaka a dare ɗaya, don haka leda mai kauri a ƙarƙashi tana da amfani, amma a yanke ta ta ɗan gaza faɗin tantin. Idan ta leƙo waje ruwan rufi take tarawa ta kai shi ƙarƙashinka.

Ƙofa tana kallon yamma ko kudu maso yamma a kowane lokaci. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, hadarin damina kuma daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, dalilin da ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi cinyewa ke nan. Idan tamfol ne a kan buhu, gefen gabas a kafe shi har ƙasa, a ɗaga na yamma da sanda. Ba a kwana a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, domin ruwan da aka yi a tudu mai nisa zai iya isowa cikin dare sama tana tas a inda kake. Ba a kwana a ƙarƙashin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ko a ƙoƙuwar dutse idan akwai hadari, saboda tsawa. Bakin ruwa ma a ba shi tazara, ga sauro, ga hanyar dabbobi. A gaɓar Gongola da kewayen madatsar Dadin Kowa dorina tana fitowa kiwo da dare, kuma ba ta kauce wa abin da ta tarar a kan hanyarta.

Wuta da waɗannan yadudduka ba sa shiri. Tartsatsi ɗaya yana huda nailan, harshen wuta kuma narkar da shi yake yi ya manne a fata. Mai buhun da ya saba kwana gab da wuta sai ya ja baya taku huɗu, ya kwanta ta inda iska ke fitowa. Kaskon gawayi a cikin rufaffen tanti kuwa kisa yake yi, hayaƙinsa ba ya wari, mutum barci kawai zai zarce. Bindiga a cire mata harsashi kafin kwanciya. A tanti tana kwana a gefenka a bushe. Da buhu dole a naɗe ta a leda ko a sa ta ƙarƙashin tamfol, domin raɓar Oktoba da Nuwamba tana jiƙa albarushi ta sa ƙarfe tsatsa. Kare ba ya shiga tanti, farcensa yana yaga ƙasan, ga kaska.

Zif shi ne abin da ke fara mutuwa, ƙurar hunturu ce ajalinsa. Bayan kowace fita a goge haƙoransa da tsohon buroshin haƙori, a goga masa kyandir kaɗan, ban da man shafawa ko bakin mai domin ƙura suke kamawa. Idan ya fara buɗewa a bayan maɗaurin, wato ɗan ƙarfen da ake ja, ba haƙoran ne suka lalace ba, bakin maɗaurin ne ya buɗe. A ɗan matse shi da filaya a hankali, gefe da gefe. Kuma kada a naɗe tanti ko buhu da laima a ajiye; a shanya a inuwa, rana tana cin yadin.

Da na gama auna duk wannan, ga inda na tsaya. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, idan tafiyar ta yawo ce, kullum sabon makwanci, a tudu mai duwatsu nesa da fadama, buhu da tamfol nake ɗauka. Daga Maris zuwa farkon Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 dare kuma ba ya hucewa, ragar cikin tanti kaɗai nake kafawa, rufin yana naɗe a gefe saboda hadarin bazata. Da damina da kaka tanti cikakke, ba tantama. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne ya sayi tanti mai rufi biyu wanda cikinsa raga ce, domin shi yana aiki duk shekara, buhu kuwa wata uku ne nasa.

Wanda bai samu ko ɗaya ba, tela zai iya haɗa masa abin da ya kusa. A samu gidan sauro mai magani na mutum ɗaya, a shanya shi a inuwa kwana guda idan sabo ne, a yanko tamfol santimita 240 a 120, a naɗo gefensa santimita 15 ta kowane ɓangare a ɗinke kusurwoyin ta hanyar ninkewa ba yankewa ba, sannan a ɗinka bakin ragar a jikinsa a kewaye. A sa zif mai manyan haƙora, tsawon mita 1, a gefe ɗaya, da madauki huɗu a sama. Ana rataya shi a jikin igiyar da aka ja tsakanin bishiyoyi biyu, a yafa wani tamfol ɗin a kan wata igiyar da ke sama da ita da tazarar taƙi guda, don iska ta riƙa ratsawa tsakani. A gaya wa telan ya yi ɗinki biyu a wajen zif da madaukan, nan ne yake fara ɓarkewa.